Tambayi Inna: bakina ya ƙi addu'a, ko Allah ya yi fushi da ni ne?

Jama'a barkanmu da war haka, ina gajiya ina zafi. Zafi kam sai godiya, mu nan Yamai Afrilu ya kama mu sosai, dare na yi kuran ya tafi kowa ya jawo tabarma tsakar gida sauro na ta biki a kanmu. Saƙonni sun taru da yawa wannan watan, na ɗauki uku, amma na farkon shi ya cinye mini fili don tun da na karanta shi ban samu sukuni ba. Kamar kullum ba na sa sunan kowa.

Tambaya daga Tawa:

Inna ina wuni ina iyali. Ni mace ce shekarata 34 ina zaune a Tawa da yara uku, mai gidana ya tafi biɗa Libiya yau shekara uku da wata huɗu, kiran ƙarshe da ya yi mini yana Sabha ya ce zai aiko kuɗin lakwal ɗin yara, daga nan shiru kake ji lambar ma ba ta shiga, waɗanda suka dawo kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce yana kurkuku wani ya ce ya hau teku. Ni dai ban san matar aure ce ni ko gwauruwa ba. Da ni ƴar koral ce ba na fashin zumuntar mata, yanzu in na durƙusa bakina ya ƙi, in na buɗe Littafi Mai Tsarki ido ne kawai ke bin layi babu abin da ke shiga. Ba na barci, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba sannan in koma ɗaki in yi ta kuka. Wata ƴar'uwa a majami'a ta ce bangaskiyata ce ta yi sanyi, in yi azumin kwana bakwai ba ci ba sha tare da kwanan addu'a, na fara, rana ta biyu na faɗi a bakin kaskon ƙosai Allah ne ya tsare mai bai zubo mini ba. Inna Allah ya yi fushi da ni ne? Me zan yi?

Amsa:

Allah sarki ɗiyata, sannu, sannu ƙwarai. Kafin komai azumin nan ki ajiye shi, yau ɗin nan. Mace mai tashi tun asuba ta zauna gaban wuta a Tawa cikin wannan bazara, ba ta barci, a ce ta yi kwana bakwai ko ruwa babu? Haba. Ƴar'uwar nan na san da kyakkyawar niyya ta faɗa amma shawarar ba ta yi ba, kuma ba na jin kunyar faɗa mata haka in tana karantawa. Azumi yana da lokacinsa, wanda ƙafarsa ta karye ba a ce masa ya yi tsere don a ga ko yana da ƙwazo.

Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19, ko ki sa babban yaronki ya karanta miki in idonki ya ƙi. Annabi Iliya ne, mutumin da ya yi addu'a wuta ta sauko a Dutsen Karmel kowa na kallo, ba a jima ba sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace ya ce wa Allah ya isa haka, a ɗauki ransa. Annabi fa. To me Allah ya yi masa? Bai ce masa ina bangaskiyarka ba, bai sa shi azumi ba, ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga waina da butar ruwa a wajen kansa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa aka ce ƙara ci don tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan nan ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Dutsen Horeb inda Allah ya yi masa magana. Ni wannan sura na fi shekara ashirin ina komawa gare ta, don ta nuna mini Allah ya san jiki, shi ya yi shi. Saboda haka abu na farko da nake so ki mayar ibada shi ne ki ci abinci ki sha ruwa a kan lokaci, ko fura ce rabin kwano ki zauna ki sha ki ce na gode Uba, shi ke nan kin yi addu'a.

Ba fushi Allah yake yi da ke ba. Irin ciwon da ke gare ki ma ya fi na mutuwa wahalar ɗauka ta wani gefe, don wadda mijinta ya mutu an yi jana'iza an yi zaman makoki mutane sun zo sun yi gaisuwa, ta san inda kabari yake. Ke kuwa kullum waya ta yi ƙara sai gabanki ya faɗi, ba ki da damar yin makoki ba ki da damar yin murna, kuma a Adar gidaje nawa ne ke cikin wannan hali, maza sun bi hanyar Agadas da Dirku an daina jin ɗuriyarsu, matan na nan ana ce musu haƙuri haƙuri kamar haƙuri kwano ne da ake juyewa a sake cikawa. Zuciyar da ta yi shekara uku a tsaye tana jira dole ta gaji, gajiya ce ta rufe miki baki.

Zan gaya miki abin da na yi lokacin da ɗana na biyu ya rasu, ba don nawa ya yi daidai da naki ba, don dai shi na sani. Na yi wata kusan biyar ban iya haɗa jimla ɗaya a gaban Allah ba, ni da nake koyar da mata. Masallacin unguwarmu yana bayan katangarmu, kuma tunda dama ba barci nake ba kiran asuba a kunnena ake yinsa, sai na ce to maƙwabtana sun tashi neman Allah, ni ma bari in mayar da wannan kira agogona. Da ladan ya fara sai in tashi zaune a bakin gado, ba na ma durƙusawa, in ce Yesu ga ni, ka ji tausayina. Kalma shida. Wata rana in faɗa sau ɗaya in yi shiru, wata rana in yi ta maimaitawa har gari ya waye. Ban ji wani abu ya sauko mini daga sama ba, kada in yi miki ƙarya, amma wata safiya na tsinci kaina ina ƙara wasu kalmomi a kai ban ma lura ba.

Dabarar ita ce kada ki ware wa addu'a wani sabon lokaci na musamman yanzu, ba ki da ƙarfin wannan, ki ɗaura ta a jikin abin da dama kike yi kullum ba fashi. Ke mai ƙosai ce, kina wanke wake kina kai niƙa kina buga ƙullu kina jiran mai ya yi zafi. Wannan ɗan tsakanin da kike jiran mai ya yi zafi, minti nawa ne, uku ko huɗu? To nasa ne. Aya ɗaya tak, ba sura ba, ki riƙe ta sati guda kina juya ta a baki kamar goro. Mu Kirista mun cika ɗora wa kanmu kaya, wai sai an karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara ɗaya, sura uku ko huɗu kullum, mutum ya fara da zafi a Janairu ya kai Littafin Firistoci ya maƙale ya kama jin laifi. Wannan tsari yana da kyau ga mai lafiya, ke yanzu ba shi kike buƙata ba. Ko manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, ai ta yini ɗaya ake tsinta, wanda ya yi haɗama ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa, in ban da jajibirin Asabar.

Wace aya? Ni Zabura 13 zan ba ki, aya shida ce duka. A ayoyi biyu na farko Dawuda sau huɗu yana tambayar Allah har yaushe, har yana cewa ko an manta da shi ne. Ɗiyata wannan ba ita ce tambayarki ba? To tana cikin Littafi, an rubuta ta an yi ta rera ta a sujada shekaru dubbai, ashe ba saɓo ba ne. Akwai ma Zabura 88 wadda ba a cika karanta ta a majami'a ba don daga farko har ƙarshe kuka ne, ta ƙare a cikin duhu babu ko haleluya ɗaya. Cikin Zabura 150 ɗin nan da yawa kuka ne da ƙorafi, mu ne dai muka zaɓi masu daɗin kiɗa. Kuma ki tuna Hannatu a 1 Sama'ila sura 1, leɓe kawai ke motsi murya ba ta fita har Eli firist ya ɗauka ta sha ta bugu, babban malami guda ya kasa gane mace mai ɓacin rai, amma Allah ya ji ta. Saboda haka in an yi miki mummunar fahimta a majami'a ba a kanki aka fara ba.

Da dare kuma, nan ne yaƙin yake na sani. Ki sayi ƙaramin kaye na dala ashirin ko talatin da bik, ki ajiye ƙarƙashin matashi. Kafin ki kwanta ki rubuta abu biyu kawai, abin da ya fi yi miki ciwo yau, da abu ɗaya da bai lalace ba yau, ko da ƙosai ya ƙare da wuri ne ko autarki ta yi dariya. Na farkon ki rubuta shi tsirara yadda yake, in haushin mai gidan kike ji don ya tafi ya bar ki ki rubuta, in haushin Allah ne ki rubuta, ba wanda zai duba miki maki. Abin da ke sa wannan ya yi aiki ba wani asiri ba ne, tunani in yana cikin kai zagaye yake ta yi kamar jakin da aka ɗaure a turke, in ya sauka a takarda sai ya samu wurin zama. In rubutu na ba ki wuya ki faɗa da baki a hankali. Sannan wayar nan, na san kina kwana da ita a hannu kina duba WhatsApp ko lambarsa ta hau, kina kallon bidiyon mutanen da aka tsinto a sahara ko a teku kina neman fuskarsa. Ɗiyata ki daina wannan da dare. Ki bar ƙararta a buɗe in kira ya zo za ki ji, amma ki ajiye ta nesa da shimfiɗa. Neman labari a yi shi da rana ido biyu, kuma ki je ofishin Croix-Rouge ki tambayi masu aikin neman ƴan'uwan da suka ɓace a hanya, ki tafi da hotonsa da cikakken sunansa da lambar da ya kira ki da ita ta ƙarshe.

Maganar yara, in kin yi tsawar da ba ta dace ba ki kira yaron kafin ya yi barci ki dafa kansa ki ce yi haƙuri, ba laifinka ba ne, Mama ce ta gaji, Allah ya yi maka albarka. Mu Hausawa ba mu saba ba wa yaro haƙuri ba, na sani, ni ma da wuya na koya, amma su ma fa uba suka rasa kuma suna kallon fuskarki don su san ko duniya na nan daidai.

Sai mutum ɗaya. Ba zumuntar mata gaba ɗaya ba, don wani lokaci abin da ka faɗa a matsayin roƙon addu'a kafin Lahadi ya zagaye gari. Mace ɗaya mai riƙe baki, wadda za ta iya zama kusa da ke tana tsinke zogale ba tare da ta yi miki wa'azi ba. Yesu kansa a Getsamani da baƙin ciki ya kai masa iya wuya bai ɓoye ba, ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya ya ce su zauna tare da shi, duk da dai barci suka yi ta yi. Koral ɗin ma in ba za ki iya waƙa ba ki je ranar koyo ki zauna a bencin baya ki saurara.

Amma ki ji wannan da kyau. In rashin barcin nan da rashin cin abinci da jin komai ya fita ranki sun wuce sati biyu a jere, kuma daga bayaninki sun daɗe da wucewa, to ki je asibiti ki ga lokotoro ki gaya masa duka, ba ciwon kai da jiri kawai ba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, zuwa asibiti ba ya rage bangaskiyar kowa, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne. In kuwa tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki ko sau ɗaya, kada ki kwana da shi ke kaɗai, a ranar ki gaya wa matar fasto ko wata babba da kika yarda da ita ta raka ki. Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya ina jira.

Tambaya daga Yamai:

Inna ni tela ne a Bukoki shekarata 25. Ina yaro aka ƙona majami'armu a 2015 ina ciki da ƙannena muka haura katanga. An sake gini, fasto ya yi wa'azin gafara na ɗaga hannu na ce na yafe kuma da gaske nake. Amma har yau in na ji warin taya na ƙonewa ko hayaniyar mutane da yawa sai zuciyata ta kama bugawa hannuna na rawa in kasa taka keke, wani lokaci haushi ya taso mini. Ashe ƙarya na yi wa Allah ban yafe ba?

Amsa:

Ɗana ba ƙarya ka yi ba. Asabar ɗin nan 17 ga Janairu 2015 duk wanda yake Yamai ya san ta, kwana ɗaya bayan ta Damagaram, majami'u da yawa suka ci wuta cikin ƴan awoyi, ni kaina maƙwabciyata Hajiya ce ta jawo mu cikin gidanta ta rufe ƙofa mijinta ya zauna a waje kan benci har dare, ba na faɗin ranar nan ban faɗi wannan ba. Kai lokacin yaro ne ƙarami. Yafewa da baki da zuciya ake yinta, shawara ce ka yanke cewa ba za ka rama ba kuma ba ka yi wa kowa fatan sharri, wannan ka yi. Rawar hannu kuwa jiki ne, shi jiki ba ya jin wa'azi, abin da ya sani kawai ranar da ya ji wannan wari saura kaɗan ya mutu, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

In abin ya taso ka ɗaga ƙafa daga keke, ka taka ƙasa da tafin ƙafa biyu sosai, ka ja numfashi ta hanci a hankali ka sake shi ta baki ya fi na shiga tsawo, fitar numfashi mai tsawo tana rage gudun zuciya, haka aka halicce mu. Wajen ja ka ce a ranka Ubangiji, wajen saki ka ce kana tare da ni, kamar sau goma. Sannan ka duba shagonka ka kira sunan abin da kake gani, almakashi, zare, dutsen guga, atamfar wance, don kai ya gane yau ne ba waccan rana ba. Ka riƙa yinsa kowace safiya kafin ka zura zare a allura ko lafiyarka ƙalau, don ranar da abin ya zo jiki ya riga ya san hanya.

Haushin kuma in ya dawo ka sake yafewa, ƙaramar yafewa ta ranar, ka ce Uba ga shi ya dawo na sake ba ka. Da Bitrus ya tambayi Yesu ko yafewa sau bakwai ta isa ai ka san amsar da ya samu a Matiyu 18, wato bakwai har sau saba'in, ni a ganina ba laifi sabo ne kawai ake nufi ba, har da tsohon laifi ɗaya da ke ta dawowa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Yesu ma da ya tashi daga matattu tabon ƙusa na nan a hannunsa har ya nuna wa Toma. In mafarkin ranar na hana ka barci ko abin na hana ka aiki, a babban asibitin ƙasa nan Yamai akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, na san abin da mutane ke cewa in an ga ka nufi wajen, ka bar su su faɗa, ba su ke kwana a cikin kanka ba. Ƙannen naka fa, ka taɓa tambayarsu yadda suke ji? Ka haɗa musu shayi wata rana ka buɗe zancen.

Tambaya ta ƙarshe, daga wata ɗaliba a Harobanda:

Inna ina fara karatun Littafi Mai Tsarki na safe in yi kwana huɗu in fasa sati biyu sai kunya ta hana ni komawa, kuma a waya nake karantawa wai an ce ba shi da albarka kamar na takarda.

Amsa:

Wa ya ce? Kafin 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kakanninmu masu bi da yawa a ka suke riƙe ayoyi, albarkar ba a jikin takarda take ba. Matsalar waya ɗaya ce, kin shiga neman Zabura ki tsinci kanki a TikTok, to ki kashe intanet kafin ki buɗe. Fashi kuma in kin yi kada ki ce sai kin rama na sati biyu, ba bashin adashe ba ne, ki ɗora daga inda kika tsaya. Gobe da safe kina jiran ruwan shayi ya tafasa ki karanta Makoki 3 aya 22 da 23, su biyun kawai, sai ki tafi makaranta.